Yadda fararen ƙwayoyin jini ke manne wa bangon jijiya idan wuri ya kumbura

Wanda ya taɓa fama da maruru a hammata, ko ƙaya ta karye masa a tafin ƙafa aka kasa cire ta, ya san yadda abin yake tafiya. Wurin yakan ɗauki zafi, ya kumbura, ya yi ja ga mai hasken fata ko ya yi sheƙi ga mai duhunta, ya riƙa zogi har ya hana barci, sannan bayan kwana biyu ko uku ya nuna, mugunya ta taru. Alamomin nan huɗu, wato ja da zafi da kumburi da ciwo, wani marubucin daular Rum mai suna Celsus ya jera su tun ƙarni na farko na miladiyya, kuma har yau da su ake fara koya wa ɗaliban likitanci wannan babi. Mugunyar ce abin tambaya. Mafi yawan abin da ke cikinta fararen ƙwayoyin jini ne, masu rai da matattu, haɗe da ƙwayoyin cutar da suka haɗiye da ragowar naman da ya lalace. To amma waɗannan ƙwayoyi a cikin jijiyoyin jini suke, jijiyoyin kuwa a rufe suke, jinin cikinsu kuma gudu yake yi ba dare ba rana. Ta yaya ƙwayar da ba ta da ido ba ta da ƙwaƙwalwa take gane cewa ta iso daidai inda ake buƙatarta, ta tsaya a tsakiyar wannan gudu, ta fita ba tare da jijiyar ta ɓule jini ya zuba ba?

A duk wani ɗakin gwajin jini da ke Jos, daga na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo har zuwa ƙananan da ke cikin gari, idan aka zuba jini a siririyar kwalba aka juya shi a na'ura, sai ya rabu gida uku. Jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ruwan jini mai kalar ɗorawa ya tsaya a sama, a tsakaninsu kuma a ga wani siririn layi fari-fari wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na jinin ba. A wannan layi fararen ƙwayoyin suke taruwa. A maikirolita guda na jini, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita, akwai jajayen ƙwayoyi miliyan 4 zuwa 6, farare kuwa tsakanin 4,000 da 11,000 ne kawai. Iri-iri ne, amma wanda ke fara isa wurin rauni shi ne nutirofil, kuma ɓargon babban mutum yana ƙera kimanin biliyan 100 na irinsa a kowace rana, domin ba ya daɗewa a raye.

Ba a kowace jijiya ake fita ba. Jinin da ya baro zuciya yana bi ta manyan jijiyoyi masu kaurin bango da ƙarfin gudu, ya rarrabu zuwa siraran jijiyoyin da ƙwaya ɗaya-ɗaya ce ke iya wucewa ta cikinsu, daga nan ya tattaru a ƙananan jijiyoyin da ke fara mayar da shi zuciya. A waɗannan na ƙarshe ne ake yin aikin, domin bangonsu siriri ne kuma turin jini a cikinsu ya ragu. Akwai wani abu kuma da ke taimakawa. Jajayen ƙwayoyi suna da laushi, sukan taru a tsakiyar jijiya inda gudu ya fi ƙarfi, sai su ingiza fararen, waɗanda suka fi su girma da tauri, zuwa gefe. Idan wuri ya kumbura jijiyoyin sukan buɗe, ruwan jini ya riƙa tsiyaya zuwa cikin nama, jinin da ya rage ya yi kauri ya rage gudu, farar ƙwaya ta ƙara matsowa jikin bango.

An daɗe da ganin wannan da ido. A 1846 wani likita ɗan Ingila, Augustus Waller, ya shimfiɗa harshen kwaɗo mai rai a ƙarƙashin madubin likita, ya ga fararen ƙwayoyi suna fita daga jijiya. A 1867 Julius Cohnheim, Bajamushe almajirin Rudolf Virchow a Balin, ya bi abin daki-daki a tantanin hanjin kwaɗo: ya ga jijiya ta buɗe, ya ga jini ya rage gudu, ya ga fararen ƙwayoyi sun jeru a jikin bango, sannan ya ga sun ratsa shi. Da wannan ya tabbatar da cewa ƙwayoyin mugunya daga jini suke zuwa. Ya kuma yi hasashen cewa canjin da ke jawo haka a bangon jijiyar yake faruwa. Sai da aka shafe fiye da shekara ɗari kafin a samu kayan aikin da za su nuna irin canjin.

Cikin kowace jijiyar jini a shimfiɗe yake da ƙwayoyin halitta masu faɗi, layi ɗaya tak, waɗanda ake kira endoteliyam. A lokacin lafiya fuskar wannan shimfiɗa santsi gare ta, kuma tana fitar da sinadaran da ke hana komai manne mata. Idan ƙaya ta shiga da ƙwayoyin cuta, ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a cikin nama tun asali su ne ke fara ji. Wasu su saki histamin, sinadarin da ke sa cizon ƙwaro ya yi ƙaiƙayi, wasu kuma su saki furotin masu kai saƙo irin su TNF da IL-1. Shimfiɗar jijiyar da ke kusa tana amsawa sau biyu. Amsa ta farko cikin 'yan mintuna take zuwa, domin kayan aikin a ajiye suke: a cikin ƙwayoyin shimfiɗar akwai wasu ƙananan jakunkuna masu siffar sanda, waɗanda Ewald Weibel da George Palade suka bayyana a 1964, kuma a cikinsu akwai wani furotin mai suna P-selektin. Da histamin ya taɓa ƙwayar, jakunkunan sai su haɗe da fatarta su fito da furotin ɗin fili. Amsa ta biyu tana ɗaukar sa'o'i, domin sai an ƙera sabon furotin daga tushe, wato E-selektin, wanda ke kai ƙololuwarsa bayan kimanin sa'a huɗu zuwa shida. Ita ma farar ƙwayar tana ɗauke da nata, L-selektin, a kan ƙananan tsirarrakin da ke fatarta.

Aikin selektin shi ne kama wani irin sukari na musamman da ke jikin furotin ɗin ɗaya ɓangaren, kuma wanda aka fi sani a cikin waɗannan furotin shi ne PSGL-1 na jikin farar ƙwaya. Kamun yana da saurin ƙulluwa da saurin kwancewa. Ƙwayar da jini ke turawa sai gabanta ya kama bango, bayanta ya saki, ta juya, wani gefen ya sake kamawa, haka haka har ta zama tana mirginawa a jikin bangon. Misalin da ya fi kusa shi ne na mutumin da ruwa ya ja a kogin Dilimi cikin watan Agusta. Ba zai iya rungumar saiwar bishiya kai tsaye ba, domin gudun ruwan ba zai ba shi dama ba, sai dai ya riƙa cafkar ciyawar gaɓa, tana tsinkewa yana sake cafka, kowace cafka tana rage masa gudu, har ya iso ga saiwar a hankali ya rungume ta. Ƙwayar da ke tafiya ɗaruruwan maikiromita (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) a daƙiƙa guda takan koma 'yan gomomi a kan P-selektin, idan kuma E-selektin ya shigo ta sauko ƙasa da goma.

A nan akwai wani abu da ya saɓa wa abin da hankali ke tsammani, kuma a ganina shi ne mafi ban sha'awa a duk labarin. A al'ada, abubuwa biyu da suka haɗu, idan aka ƙara ƙarfin jansu sai su fi saurin rabuwa. A 1996 aka nuna cewa mirginawa ta hanyar L-selektin ba ta yiwuwa sai gudun jini ya kai wani mizani. Idan ya yi ƙasa da haka, ƙwayar sai ta saki bango ta tafi. A 2003 kuma ayarin Cheng Zhu da Rodger McEver a Amurka suka auna kamu guda ɗaya tsakanin P-selektin da PSGL-1, suka ga cewa idan aka ja shi da matsakaicin ƙarfi yakan ƙara daɗewa, sai an wuce wani iyaka sannan ya fara saurin tsinkewa. Hikimar da ke cikin wannan a bayyane take. Fararen ƙwayoyi suna ɗauke da selektin da kuma sukarin da selektin ke kamawa, don haka da a ce kamun yana riƙewa ko babu ja, da sun dunƙule da junansu a duk inda jini ya lafa. Turin jinin da ake zaton shi ne abokin gaban mannewa, shi ne sharaɗinta.

Mirginawa ba tsayawa ba ce, kuma ƙwayoyi da yawa sukan mirgina na ɗan lokaci su saki su wuce. Amfaninta shi ne ta ba ƙwayar lokacin da za ta ɗanɗani abin da ke kan bangon. Naman da ya kamu yana fitar da wasu ƙananan furotin masu kira, kemokayin, irin su IL-8, kuma shimfiɗar jijiya tana ɗauko su daga bayanta ta kafa su a fuskarta, ɗaure da wasu dogayen sarƙoƙin sukari, don kada jini ya wanke su. Idan ƙwaya mai mirginawa ta ci karo da kemokayin da take da makarɓarsa, saƙo sai ya shiga cikinta, kuma cikin ƙasa da daƙiƙa guda wani rukunin furotin da ke fatarta ya canja siffa. Su ne intagirin, kuma biyu daga cikinsu, LFA-1 da Mac-1, su ne nutirofil ya fi dogara da su. A lokacin hutu intagirin a lanƙwashe yake, kansa yana kallon fatar ƙwayar, ba ya iya riƙe komai da ƙarfi. Idan saƙo ya zo, wasu furotin biyu na cikin ƙwayar, talin da kindilin, sai su kama wutsiyarsa daga ciki, ya miƙe, kansa ya buɗe, ya damƙi abokin kamunsa da ke jikin bango, wato ICAM-1, wanda dama TNF da IL-1 sun sa shimfiɗar ta ƙara yawansa. A nan ne ƙwayar ke tsayawa cak.

Shekarar 1991 ce ta haɗa waɗannan gutsattsarin ilimi wuri guda. Michael Lawrence da Timothy Springer na Jami'ar Harvard suka shafa furotin a kan gilashi suka tura nutirofil a kai da gudu irin na jijiya. Inda ICAM-1 ne kaɗai, ƙwayoyin suka wuce ba su kama ba, ko da an zaburar da su. Inda P-selektin ne kaɗai, suka mirgina ba su tsaya ba. Inda aka haɗa biyun aka kuma zuba sinadarin kira, suka mirgina sannan suka tsaya. A shekarar ce kuma Eugene Butcher na Jami'ar Stanford ya bayyana abin a matsayin matakai masu bin juna, wanda kowanne sai na gabansa ya cika sannan yake yiwuwa.

Bayan tsayawa ƙwayar takan baje ta kwanta, ta yi jan ciki a kan bangon da taimakon Mac-1, wani lokaci har tana fuskantar gudun jini, tana neman mafita. Galibi takan bi ta mahaɗar ƙwayoyin shimfiɗa biyu, inda wasu furotin irin su PECAM-1 ke taimaka mata, ɗinkin da ke tsakanin ƙwayoyin ya saki na ɗan lokaci ya koma ya rufe a bayanta. Wani lokaci kuma ta huda ta tsakiyar ƙwaya guda ta fita. Wannan yakan ɗauki mintuna biyu zuwa biyar. Ratsa tantanin da ke bayan shimfiɗar ya fi ɗaukar lokaci, kuma ƙwayar takan nemi wuraren da ya fi siranta. Daga nan sai ta bi ƙarfin sinadarin kira har inda ƙwayoyin cuta suke. Nutirofil ne ke cika wurin a yini na farko, daga baya wata farar ƙwaya mai suna monosait ta biyo, ita ce mai share gawarwaki da shirya wurin don warkewa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa aikin da kamu ɗaya mai ƙarfi zai iya yi aka raba shi gida uku ko huɗu? Amsar tana cikin haɗarin da nutirofil ke ɗauke da shi. Cikinsa cike yake da sinadarai masu narkar da nama da masu ƙona shi, kuma ba sa bambanta ƙwayar cuta da naman mai su. Idan sai sharuɗɗa uku sun haɗu a wuri guda a lokaci guda sannan zai fita, kuskure zai yi wuya. Rabon yana da wata fa'ida kuma: ta hanyar sauya selektin ko kemokayin ko intagirin, jiki yana iya tura kowace irin farar ƙwaya zuwa inda ya dace da ita. Limfosait, ƙwayar da ke riƙe tarihin cututtukan da jiki ya taɓa haɗuwa da su, tana amfani da L-selektin ta shiga ƙulluttukan garkuwa da ke wuya da hammata da matsematsi, ta wasu jijiyoyi na musamman da James Gowans ya nuna aikinsu a 1964. Kaluluwar da ke fitowa a matsematsin wanda ya ji ciwo a ƙafa, babban dalilinta ke nan: shigar waɗannan ƙwayoyi ta ƙaru, fitarsu ta ragu, kuma suna hayayyafa a ciki.

Hujja mafi ƙarfi a kan muhimmancin kowane mataki daga jikin yara marasa lafiya ta fito. Akwai cutar gado da ake haihuwar jariri ba shi da wani sashe na intagirin mai suna CD18. Ƙwayoyinsa suna mirginawa amma ba sa tsayawa. Alamar farko ita ce cibiya ta ƙi faɗuwa, domin nutirofil na cikin masu raba busasshiyar cibiya da jiki. Wadda aka saba ta faɗi a mako na farko ko na biyu sai ta kai wata guda ko fiye, gindinta ya kumbura. Daga baya yaron ya riƙa samun gyambon da ba ya warkewa kuma ba ya mugunya, dasashinsa ya lalace, alhali idan aka gwada jininsa za a ga fararen ƙwayoyi sun ninka na mai lafiya sau da yawa. Suna nan a cikin jini, fita ce ta gagare su. A 1992 Amos Etzioni ya bayyana nau'i na biyu, wanda matsalarsa rashin wani sukari ne mai suna fukos a jikin furotin da selektin ke kamawa, don haka ko mirginawar ba ta samuwa. Nau'i na uku na kindilin ne, kuma yana haɗuwa da zubar jini. Ya kamata a faɗa wa iyaye cewa cutar ba ta da yawa ko kaɗan, ana ƙiyasta kimanin mutum ɗaya cikin miliyan, kuma mafi yawan cibiyoyin da suka yi jinkirin faɗuwa ba ita ce sanadinsu ba.

Wannan ya kawo mu ga takardar sakamakon gwajin jini da mutane ke riƙewa suna juyawa a bakin ɗakin likita. Adadin da aka rubuta na ƙwayoyin da ke gudana ne a lokacin da aka tsira allura. Kusan rabin nutirofil da ke cikin jijiyoyi ba sa cikin wannan lissafi, domin suna gefe suna tafiya a hankali, ko suna maƙale a siraran jijiyoyin huhu da saifa da hanta. Gudu mai tsanani ko firgita yakan sako su, adadi ya tashi cikin mintuna ba tare da wata cuta ba. Magungunan sitiroyid irin su dexamethasone da prednisolone su ma suna ɗaga adadin, domin suna raunana mannewa, suna hana ƙwayoyin fita, suna kuma ƙara fitowarsu daga ɓargo. Abin damuwa ne ƙwarai yadda ake sayen waɗannan magunguna a kemis ba da takardar likita ba, wasu don ciwon gaɓoɓi, wasu don neman ƙiba, domin mai shansu zai ga kumburi ya sauka ya ɗauka sauƙi ne, alhali an tare hanyar da garkuwarsa ke bi zuwa wurin cuta. A ɗaya gefen kuma, mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wani furotin mai suna Duffy a jikin jajayen ƙwayoyinsu, gadon da ke ba su kariya daga nau'in zazzaɓin cizon sauro na vivax. Furotin ne mai riƙe kemokayin, kuma masu wannan gado nutirofil ɗinsu na cikin jini yakan yi ƙasa da mizanin da aka ɗauko daga jinin Turawa, ba tare da sun fi kowa kamuwa da cuta ba.

Inda wannan ilimi ya fi shafarmu kai tsaye shi ne sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ana ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadonta. Bayanin da aka saba yi wa iyaye shi ne jajayen ƙwayoyi suna lanƙwashewa su toshe jijiya. Gaskiya ne, amma bai cika ba. Ƙwayar mai sikila ba ta lanƙwashewa nan take da ta sauke iskar oksijin. Akwai ɗan jinkiri, kuma idan ta samu ta fice zuwa babbar jijiya kafin lokacin ya cika, ba ta toshe komai. Duk abin da zai riƙe ta a ƙaramar jijiya shi ne masifar. A 1980 Robert Hebbel ya nuna cewa jajayen ƙwayoyin masu sikila suna manne wa shimfiɗar jijiya fiye da na sauran mutane. A 2002 ayarin Paul Frenette a birnin New York suka kalli jijiyoyin ɓeraye masu sikila da ransu, suka ga fararen ƙwayoyi ne ke fara mannewa, sannan su riƙa cafke jajayen da ke wucewa, har hanya ta cushe. Ɓerayen da ba su da P-selektin da E-selektin sun samu kariya daga toshewar.

Abin da ke sa lamarin ya yi muni shi ne yana ciyar da kansa. Jar ƙwayar mai lafiya takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa 10 zuwa 20. Idan ta fashe a cikin jijiya, abin da ta zubar yana cinye sinadarin da ke sa jijiya ta saki jiki, yana kuma tsokanar shimfiɗar ta fito da P-selektin daga jakunkunan nan. Ke nan jijiyar mai sikila kullum a shirye take kamar akwai rauni kusa, ko babu. Idan toshewa ta faru nama ya rasa iska, idan jini ya dawo kuma ya tayar da sabon kumburi. An daɗe da lura cewa masu sikila da fararen ƙwayoyinsu suka fi yawa sun fi shiga haɗari. Daga nan ake gane dalilin da ya sa zazzaɓin cizon sauro ko ciwon huhu ke tayar da ciwon, da kuma dalilin da ya sa iyayen irin waɗannan yara a Jos suke fargabar watannin Disamba da Janairu. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyin hunturunsa ya fi na mafi yawan garuruwan ƙasar nan, sanyi kuwa yana tsuke jijiyoyin fata, busasshiyar iska tana ƙarar da ruwan jiki, jini ya yi kauri ya rage gudu.

Ba sikila kaɗai ba ce. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta falsifarum tana sa jar ƙwayar da ta shiga ta fito da wani furotin da ke kama ICAM-1 da wasunsa, don ta maƙale a bango ta kauce wa saifa, kuma idan hakan ya faru a jijiyoyin ƙwaƙwalwa shi ne zazzaɓin da ke sa yaro suma. Idan cuta ta bazu a jini gaba ɗaya, shimfiɗar jijiyoyin duk jiki ce ke tashi a lokaci guda, nutirofil su cika huhu su lalata shi. Kitsen da ke toshe jijiyoyin zuciya shi ma da mannewar monosait yake farawa, a hankali cikin shekaru.

Da aka gano furotin ɗin sai aka shiga neman maganin da zai toshe su, kuma tarihin wannan nema yana da nasara da asara. Natalizumab, wanda ke toshe intagirin da limfosait ke shiga ƙwaƙwalwa da shi, an amince da shi a Amurka a 2004 don cutar da garkuwar jiki ke cin rufin jijiyoyin kai saƙo na ƙwaƙwalwa da laka. Ya yi aiki sosai, amma a 2005 aka janye shi bayan wasu da ake yi wa ƙarinsa ta jijiya sun kamu da wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa, wadda ƙwayarta ke kwance a jikin mutane da yawa, fararen ƙwayoyi ne ke danne ta. An dawo da shi a 2006 da tsauraran sharuɗɗa. Vedolizumab na 2014 ya fi takaita, domin hanyar shiga hanji kaɗai yake tarewa. A ɓangaren sikila, crizanlizumab mai toshe P-selektin ya rage yawan tashin ciwo da kashi 45 cikin ɗari a gwajin da aka buga a 2017, Amurka ta amince da shi a 2019, amma babban gwajin da ya biyo baya bai nuna ya fi ruwan da ba magani a cikinsa, wanda aka ba wasu don kwatantawa, ba, kuma Tarayyar Turai ta soke izininsa a 2023. Wannan bai rushe bayanin da ya gabata ba. Mai yiwuwa dalilin shi ne a jikin mutum hanyoyin mannewa sun fi ɗaya, kuma idan an tare guda sauran suna nan.

Maganin da ya fi tabbata a hannunmu tsoho ne, kuma ya fi waɗancan araha nesa ba kusa ba. Hydroxyurea, wanda babban gwajin 1995 ya nuna yana rage tashin ciwon sikila da kusan rabi a manya, yana ƙara irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa, yana kuma rage yawan nutirofil da mannewar ƙwayoyi a bango. An gwada shi a nan gida: binciken da aka yi a Kano da Kaduna a kan yara 220 masu haɗarin shanyewar ɓarin jiki, wanda aka buga a 2022, ya kwatanta ƙaramin awo da matsakaici, bai ga bambanci tsakaninsu a yawan shanyewar ba, amma masu shan matsakaicin sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Likitan da ke ba da shi yana neman ya rage nutirofil ne zuwa wani mizani ba tare da ya wuce shi ba, shi ya sa ake ɗibar jinin yaron lokaci zuwa lokaci, kuma a nan ne sanin gadon Duffy yake da amfani, don kada a dakatar da magani mai amfani saboda adadin da asalinsa haka yake a jinin yaron. Tun da saifar mai sikila takan lalace tun yana ƙarami, ga shi kuma kowace cuta tana ƙara wa jijiyoyinsa mannewa, zazzaɓin da ya kai digiri 38.5 a jikinsa abu ne na kai shi asibiti a ranar, ba a jira gari ya waye ba.